Mai Kare Da Dabbobin Manomi A Karkarar Ingila

Kowace ƙasa da irin al'adarta. A ƙasar Ingila kare abokin zama ne. Cikin ɗaki yake kwana, a kai shi wurin likitan dabbobi in ba shi da lafiya, kuma mai shi yakan fita da shi shan iska kullum, safe ko yamma. Mutanen birni kan zaga da nasu cikin unguwa. Amma ran Asabar da Lahadi, ko lokacin hutu, sai su sa karen a mota su nufi karkara, su yi ta tafiya a ƙasa cikin gonaki da makiyaya. To, a nan ne ake gamuwa da dabbobin manoma, a nan ne kuma tsautsayi kan auku. Wani abin dariya ne, wani asarar dukiya ne, wani kuwa har da rasa rai. A wannan wata za mu bayyana wa mai karatu yadda abin ke faruwa, da dalilinsa, da irin maganin da mutanen can suka yi masa.

Hanya Ta Ratsa Gona

Tilas mai karatu ya tambaya, me ya kai baƙo da karensa cikin gonar wani? Amsar ita ce, a Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa na jama'a waɗanda doka ta san da su, tsawonsu duka ya kai kimanin mil 140,000. Da yawansu tsofaffin hanyoyi ne da mutanen da suka bi zuwa kasuwa ko ƙauyen maƙwabta. Gona ta manomi ce, amma hanyar da ta ratsa ta ta kowa ce, ba shi da ikon toshe ta. Abin ya yi kama da burtali a wurinmu, sai dai wannan na mutane ne.

Wani bambanci kuma shi ne yadda suke kiwo. A can makiyayi ba ya bin garke da sanda. Manomi yakan kewaye fili da shinge, ya zuba shanu ko tumaki ciki, ya tafi harkarsa, sai ya riƙa zuwa yana duba su. Saboda haka idan mai kare ya buɗe ƙyaure ya shiga, daga shi sai karensa sai dabbobi. Ba wanda zai tsawata wa saniya in ta taso, ba kuma wanda zai kori kare in ya bi tunkiya.

Me Ya Sa Saniya Ke Bin Kare?

Saniya ba ta san kare na gida ba. A idonta, duk wata dabba mai kama da kare maƙiyi ce da ta zo neman maraƙinta. Wannan hali da shi aka halicce ta. Saniyar da ta haihu ba da daɗewa ba ta fi kowace dabba a gona haɗari, domin ba ta jiran a taɓa ɗanta. Da ta hangi kare sai ta sunkuyar da kai ta nufo shi, sauran shanu su biyo bayanta.

To, ga inda matsalar take. Karen yana ɗaure da igiya a hannun mai shi. Da ya tsorata sai ya ruga ya ɓuya a bayan ƙafafun ubangidansa. Saniya kare take nema, amma mutum ne a gabanta. Babbar saniyar madara ta can takan kai kilo 600 ko fiye. Irin wannan ba sai tana da ƙaho ba. In ta bangaje mutum ya faɗi, ta taka shi ko ta danne shi da kai, haƙarƙari kan karye.

Akwai kuma 'yan bijimai da karsana masu tasowa. Su yawanci ba faɗa ke kawo su ba, son ganin ƙwaƙwaf ne. Sukan rugo a guje su kewaye baƙo suna shinshina. Idan mutum ya tsaya, su ma sukan tsaya. Idan ya zura da gudu, sai su ɗauka wasa ne su bi shi, ga shi kuwa saniya ta fi mutum gudu. Mutane da yawa sun ji ciwo garin tsallake shinge ko faɗawa rami, alhali shanun ba su ko taɓa su ba.

Ya kamata a san yadda saniya ke gani. Idanunta a gefen kai suke, don haka tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, sai dai daidai bayanta. Amma ba ta iya auna nisan abu sosai kamar mutum. Wanda ya ɓullo mata ta baya ba zato yakan firgita ta, dabbar da ta firgita kuwa ko ta yi harbi ko ta ruga.

Abin Bai Bar Manya Ba

A watan Yuni na shekarar 2009 abin ya faɗa kan wani sanannen ɗan siyasa, David Blunkett, wanda ya riƙe muƙamin Ministan Cikin Gida na Birtaniya daga 2001 zuwa 2004. Makaho ne tun haihuwa, kare ne ke yi masa ja-gora. Yana tafiya a yankin tsaunukan Peak District sai wata saniya ta taso wa karen. Garin ƙoƙarin kare shi ya faɗi, saniyar ta bi ta kansa, haƙarƙarinsa ɗaya ya karye. Allah ya sa da sauran kwana.

Wasu masana na Jami'ar Liverpool sun bi labaran irin wannan hari da aka buga daga 1993 zuwa 2013, suka fitar da sakamakon a 2016. Sun sami hari 54 da shanu suka kai wa masu tafiya a ƙasa. Kimanin ɗaya cikin huɗu ya ƙare da mutuwa. Biyu cikin uku kuwa akwai kare a wurin. Idan aka dubi yawan masu bin waɗannan hanyoyi, adadin kaɗan ne. Amma ya nuna a fili cewa mai kare ya fi wanda ba shi da kare shiga haɗari.

Abin Yi Idan Shanu Sun Taso

Hukuma a can tana da ƙa'idojin shiga karkara da take koya wa jama'a. Manoma ma suna da nasu gargaɗin. Ga muhimman abubuwan da ake cewa:

1. Kafin ka shiga fili, tsaya a bakin ƙyaure ka duba. Akwai maruƙa? Akwai bijimi? Ina mafita take?

2. Kada ka ratsa tsakanin saniya da maraƙinta. Ka kewaye garken daga nesa, ko da za ka ɗan kauce wa hanya.

3. Ka riƙe karenka da gajeriyar igiya, ka yi tafiya a hankali, ban da ihu, ban da gudu.

4. Idan shanu sun taso maka da gaske, ka saki igiyar. Wannan ita ce shawarar da ta fi wuya ga mai kare, ita ce kuma ta fi ceton rai. Kare ya fi saniya gudu, zai tsere ya fice ta ƙarƙashin shinge, shanun su bi shi su bar ka.

5. Kada ka ɗauki karen ka rungume. Ka kai wa saniya abin da take nema har ƙirjinka ke nan.

6. In ka fita lafiya, ka sanar da manomi ko hukuma, domin na bayanka.

Manomi ma doka ba ta ƙyale shi ba. Wata doka ta 1981 ta hana a ajiye bijimin da ya wuce wata 10 a filin da hanyar jama'a ta ratsa, in dai yana cikin irin shanun madara da dokar ta lissafa, domin an san su da zafin rai. Bijimin wani iri kuwa ba a barinsa shi kaɗai, sai tare da shanu mata, saboda ya fi natsuwa cikin garke. An sha gurfanar da manoma gaban kotu a ci su tara saboda sun zuba shanu masu maruƙa a kan hanyar jama'a ba tare da sun yi wani tanadi ba.

Kare Da Tumaki

A wajen shanu mutum ne ke cikin haɗari. A wajen tumaki kuwa manomi ne ke kuka. Kowane kare, komai laushin halinsa a gida, yana da sha'awar bin abin da ya gudu. Tunkiya kuwa da ta ga kare gudu take yi. Mai kare yakan ce nasa wasa yake yi, bai taɓa cizon kowa ba. Amma ba sai ya yi cizo ba kafin ɓarna ta auku.

Tunkiya takan ɗauki ciki wata biyar. A Ingila yawancinsu sukan haihu wajen watan Maris da Afirilu, watau duk lokacin sanyi da ciki suke. Idan kare ya kore su, wahalar gudu da firgita kan sa su yi ɓari bayan 'yan kwanaki. Wasu su faɗa rafi, ulunsu ya sha ruwa su nutse. Wasu su maƙale a waya. Wasu su taru a kusurwar shinge su danne juna har numfashi ya ɗauke. Idan kuma sun riga sun haihu, 'ya'yan kan rabu da iyayensu, sanyi da yunwa su kashe su. Mai kare ya koma gida yana ganin ba a yi komai ba, manomi kuwa ya yi asarar wahalar shekara guda.

Saboda haka tun 1953 aka yi dokar kare dabbobin gona daga karnuka. A ƙarƙashinta laifi ne kare ya kai wa dabba hari, laifi ne ya kore ta yadda za ta iya jin ciwo ko yin ɓari. Daga baya aka ƙara cewa barin kare sake cikin filin tumaki ma laifi ne, in ba karen aiki ba. Shekaru da yawa tarar ba ta wuce fam 1,000 ba, manoma suka yi ta kukan ta yi kaɗan. A Sikotilan, a shekarar 2021, aka ɗaga ta zuwa fam 40,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyu.

Har ila yau akwai dokar 1971 wadda ta ba manomi kariya idan ya harbe karen da ke cikin kai wa dabbobinsa hari, matuƙar ba wata hanyar hana shi. Sharaɗi ne ya sanar da 'yan sanda cikin awa 48. Manoma ba sa son kaiwa ga haka, amma yana faruwa. Wata dokar ta 2000 kuma ta ce a filayen da aka buɗe wa jama'a su yi yawo, dole kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa, kuma a kowane lokaci in akwai dabbobi kusa. Tun daga 2016 tilas ne a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai shi. Ba sauran a ce ba a san karen wane ne ba.

Ɓarnar Da Ido Ba Ya Gani

Akwai ɓarnar da kare ke yi ba tare da ya ko kalli dabba ba, watau ta hanyar kashinsa. Wata ƙwayar cuta mai suna niyospora tana rayuwa a cikin hanjin kare. Kare yakan ɗauke ta idan ya ci mabiyiyar saniya mai cutar. In ya yi kashi a makiyaya, saniya ta ci ciyawar wurin, sai cutar ta shige ta. Saniyar ba za ta nuna alamar ciwo ba, sai dai a ga ta yi ɓari. Idan kuma ta haihu lafiya, tana iya ba 'yarta cutar tun a ciki, ita ma ta ba tata. Wannan cuta tana cikin manyan abubuwan da ke jawo ɓarin shanu a Birtaniya.

Ga tumaki kuma akwai wata tsutsar cikin kare. Ƙwanta kan fita cikin kashi, tunkiya ta haɗiye shi da ciyawa, ya tafi ƙwaƙwalwarta ya zama ƙullutu mai ruwa. Sai a ga tunkiya tana karkata kai tana juyawa wuri ɗaya, daga baya ta mutu. Idan kare ya ci kan wannan tunkiya, tsutsar ta koma cikinsa, abin ya sake zagayowa. Shi ya sa ake umurtar mai kare ya kwashe kashin karensa a leda ya tafi da shi, ya kuma riƙa ba karen maganin tsutsa a kan kari.

Ƙananan Tsautsayi Na Yau Da Kullum

Ba kullum abin ke kaiwa ga asibiti ko kotu ba. Yawancin abin da ke samun masu kare na ban haushi ne da ban dariya. Kare yana son birgima cikin ɗanyen kashin shanu. Mai shi ya wanke shi fes da safe, kafin azahar ya dawo kore shar yana wari, ga shi cikin mota ɗaya za su koma gida. Wani karen kuma kashin tumaki yake bi yana ci kamar gyaɗa, ya kwana yana amai.

Wannan kwaɗayi yana da haɗarinsa. Idan an ba doki maganin tsutsa mai suna ibamektin, saura kan fita cikin kashinsa. Wasu karnuka, musamman irin na kiwon tumaki da ake kira koli, jikinsu ba ya jure wannan magani. In suka ci kashin dokin sukan yi rawar jiki da tangaɗi, sai an gaggauta kai su wurin likita.

Akwai wayar shinge mai lantarki. Ƙarfinta bai isa kisa ba, amma kare in ya taɓa ta da ɗanyen hancinsa yakan yi ƙara ya fizge igiya ya ruga, a yini ana nemansa. Akwai rago mai tunkuyin mutum ta baya. Akwai manyan agwagi masu dogon wuya da ke tsare ƙofar gidan gona, su kori kare da mai shi baki ɗaya. Doki yakan yi harbi idan kare ya zagaya ta bayansa. A bakin ƙyaure, inda shanu ke taruwa, taɓo kan riƙe takalmin mutum ya fito da safa kaɗai. Ga kuma kaska da ke maƙale wa kare da mutum cikin doguwar ciyawa, wadda kan kawo zazzaɓi, don haka ake duba jiki bayan an dawo gida.

Sai maganar ƙyaure. Ƙa'idar ita ce ka bar shi yadda ka same shi. Wanda ya bar rufaffen ƙyaure a buɗe yana iya sakin garke kan titin mota, ko ya haɗa rago da tumakin da lokacin barbararsu bai yi ba. Wanda kuma ya rufe wanda manomi ya buɗe da gangan yana iya raba dabbobi da wurin shan ruwa.

Wani lokaci kuma mai tafiya shi ne ke ceton dabba. Tunkiya mai ciki, ko mai ulu da yawa, takan faɗi rigingine ta kasa tashi. In aka bar ta haka, iska takan cika tumbinta ta mutu. Wanda ya ga haka sai ya ɗaure karensa nesa, ya zo a hankali ya mirgina ta, ya ɗan riƙe ta har ƙafafunta su tsaya, sa'an nan ya gaya wa mai gonar. Manomi ba ya manta irin wannan alheri.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mu ba mu da al'adar yawon shan iska da kare. Amma muna da karnukan farauta da na gadi, muna da shanu da tumaki da awaki, kuma halin dabba ɗaya ne ko'ina. Saniya mai sabon maraƙi a ruga ba ta bambanta da ta Ingila ba. Maharbin da zai wuce kusa da garke da karnukansa, ya kewaye daga nesa. Yaron da aka aika ruga sayen nono kada ya tafi da kare, kuma a koya masa kada ya shiga tsakanin saniya da ɗanta.

Tsutsar nan mai sa tunkiya juyawa ita ma ba ta san iyakar ƙasa ba. Idan dabba ta mutu, ko ta yi ɓari, a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa wa karnuka. Mai kare ya nemi malamin dabbobi ya ba karen maganin tsutsa, ya kuma yi masa allurar haukan kare. Wanda karensa ya fara bin awakin maƙwabta ya ɗaure shi tun kafin magana ta kai gaban mai unguwa. Rigakafi ya fi magani.

Mutanen Ingila sun daɗe suna wannan ja-in-ja tsakanin mai gona da mai wucewa. Abin da suka tsaya a kai shi ne, mai wucewa yana da haƙƙin bin hanya, manomi yana da haƙƙin dabbobinsa su yi kiwo lafiya, kowa kuma da abin da ke wuyansa. Manomi ya san wace dabba zai ajiye a kan hanya. Mai kare ya san lokacin riƙe igiya da lokacin sakinta. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, amin.